Zane Uku a Wuyan Tulu

Yelwa, Mubi.

Zuwa ga 'yata Saratu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki kin sauka lafiya, ya kiyaye ki a hanya da bayan hanya, ya haɗa ki da mutanen kirki a inda kika je neman ilimi. A cikin akwatinki na sa ta, ƙarƙashin zannuwan gado, don na san ba za ki kai kanta ba sai kin samu ɗaki kin zauna. Labarin gida ba zan ba ki ba, tunda ba ki daɗe da barinsa ba, kuma mamanki za ta ba ki shi a waya fiye da yadda kike buƙata.

Magana ɗaya ce ta zaunar da ni rubutu. Aikin digiri na biyu da kika ce za ki yi a kan zanen tukwanen ƙauyenmu, a kan ƙarya kika ɗora shi, kuma ƙaryar ni na yi ta. Na faɗa miki tun a nan don kada ki yi ta juya shafi kina neman inda tsohon ya dosa. Abin da ya rage bayani ne na yadda aka yi, da abin da nake ganin ya kamata ki yi.

Kin tuna ranar Asabar ɗin da kika fito min da babban littafin nan mai koren bango, wanda ya tattaro sana'o'in hannu na duniya? Muna zaune a baranda, mamanki tana tsince wake. Kika buɗe wajen tsakiya, kika nuna min hoton tulu irin namu, mai zane uku a wuya. Kika karanta mana cewa zanen nan uku alama ce ta tafiyar kakanninmu daga gabas, kowane zane yana nufin zango ɗaya da suka yada kafin su hau dutse su zauna. Kika ce, "Baba, ka ga mu ma muna cikin tarihin duniya." Na gyaɗa kai na ce haka ne. Mamanki ta ɗago ta dube ni, ta mayar da kai kan wakenta, don ita ta san maganar tun kafin a haife ki.

Ga yadda aka yi. A shekarata ta biyu da fara koyar da tarihi a sakandare, wata baturiya ta zo Mubi tana binciken ginin tukwane a ƙauyukan kan dutse. Tana jin Hausa kaɗan-kaɗan, amma tsofaffin matanmu na lokacin ba su damu da Hausa ba, yarenmu kawai suke yi. Sai aka ce a nemo mata tafinta ɗan gari mai Turanci, aka turo mata ni. Na sa farin wando da rigar da nake ajiyewa don ranar taro, muka hau mota zuwa Gella, daga can muka taka da ƙafa zuwa ƙauye. Gidanmu na fara kai ta, saboda kakarki, wadda muke kira Dada, ita ce maginiyar da aka fi yabo a wajen.

Muka tarar da ita zaune a inuwa tana gama wani tulu. Matar ta kunna rakoda, ta yi tambayoyi a kan yumɓu, inda ake haƙo shi, da abin da ake cakuɗa shi da shi. Duk wannan na fassara daidai, ban ƙara ba ban rage ba. Sai ta ga Dada ta ɗauki tsinke ta ja zane uku a wuyan tulun, ta ɗiga wani ɗan tabo a ƙarƙashinsu. Ta tambaya mene ne ma'anar wannan. Dada ta amsa ba tare da ta ɗago kai ba. Ta ce matan unguwa wuri ɗaya suke gasa tukwanensu, a tara su a fili a rufe da ciyawa da kashin shanu a cinna wuta, to in ba shaida a jiki, yaya za ta gane nata da na maƙwabciya in wuta ta mutu?

Amsar ke nan, kuma ni sai na ji kunya ta rufe ni. Mace ta ƙetaro teku, ta hau dutsenmu da takalmi mai nauyi, sannan in ce mata zanen don kada a yi rigima da maƙwabta ne? A kwalejin malamai na karanta yadda kowace ƙabila mai ji da kanta take da labarin fitowa daga gabas, da sarakuna, da zango-zango. Mu ba mu da ko layi ɗaya a waɗannan littattafai, kuma abin ya daɗe yana ci min rai. Sai na gyara zama na ba ta labarin da kika karanta mana. Ban shirya shi daga gida ba, a nan take ya zo min, kuma ya zo da kyau har ni kaina na ji daɗinsa. Matar ta yi ta rubutu. Dada ba ta jin Turanci ko kalma ɗaya, amma tana da kunne. Ta ce min da yarenmu, "Ni gajeriyar magana na yi, kai kuma ka yi doguwa." Na ce mata haka Turanci yake.

Don haka abin da zan fara gaya miki shi ne, kada ƙaramar amsa ta ba ki kunya. In kin tambayi tsohuwa dalilin abu ta ce miki don kada ya ɓace ne, ko don ya fi sauƙin ɗauka, ki rubuta haka. Za ki zauna da ɗalibai daga garuruwan da ke da ganuwa da jerin sarakuna, wani zai tambaye ki ku me kuke da shi, kuma za ki ji irin abin da na ji. Ki san shi in ya zo. Yana zuwa ne da kamannin kishin gida, shi ya sa mutum ba ya gane cewa raina gida ne. Ni ban yi ƙaryar don na tsani mutanenmu ba. Na yi ta ne don a raina ina ganin yadda suke bai isa a nuna wa baƙo ba.

Da a nan abin ya tsaya, da da sauƙi, sai ki goge layi ɗaya ki sa wani. Amma Dada ba ta gama magana ba. Bayan na yi shiru, sai ta ɗora yatsa a kan zanen ta ci gaba. Ta ce shaidar ba ita ta ƙirƙiro ta ba. Duk yarinyar da ta koyi gini, shaidar wadda ta koya mata take ɗauka, sai ta sauya wani abu kaɗan a ciki, ta ƙara ɗigo, ko ta lanƙwasa zane ɗaya, ko ta rage. Tabon da ke ƙasa nata ne. Zane na ukun uwarta ce ta ƙara shi. Ita kuma uwar ba wajen tata uwar ta koya ba, wajen matar kawunta ta koya, wadda aka auro daga wani dutse na can ƙetaren iyaka. Daga nan ta shiga jero sunaye, wance ta koya wa wance, wance daga gari kaza ta zo. Ta daɗe tana yi. Ban ƙirga ba, amma sun wuce goma nesa ba kusa ba.

Baturiyar ta tambaye ni me take cewa. Na ce mata lissafin dangi take yi irin na tsofaffi, bai shafi aikinmu ba. Ta sa hannu ta kashe rakodar don kada kaset ya ƙare a banza. Dada ta ƙarasa sunayenta ga tulun da ke gabanta, ta tashi ta ɗebo mana ruwa.

Ni malamin tarihi ne, Saratu. Shekaru na yi ina sa yara haddace jerin sarakunan garuruwan da ba su taɓa gani ba, ina ba su sifili in sun tsallake ɗaya. Aka jero min tarihin matan gidanmu, da hanyar da sana'a ta bi daga dutse zuwa dutse ta bakin aure, a tsakar gidan da aka haife ni, na ce a kashe rakoda. Ban gane tarihi ba ne saboda babu yaƙi a ciki, babu sarki, kuma daga bakin uwata ya fito, wadda na saba jin muryarta tana aike na ɗebo ruwa.

In kin zauna da tsoho ko tsohuwa, kada ki kashe abin ɗaukar magana sai sun tashi da kansu. Wayarki ba ta da matsalar kaset, saboda haka ba ki da uzurin da matar nan take da shi. Inda kika ga kamar sun bar hanya, a nan za ki ƙara kasa kunne. Tambayoyin da za ki jero a takarda daga littafi za ki samo su, kuma amsarsu abin da littafi ya riga ya sani ne. Abin da ba ki da shi yana cikin maganar da ba ki tambaya ba, kuma yawanci tana zuwa ne bayan kin fara tattara kayanki.

Bayan wasu shekaru littafin matar ya fito, ta aiko min da kwafi ɗaya ta gidan waya. Ba na ɗora mata laifi ko kaɗan. Mace ce mai tsantseni, duk abin da ta gani da idonta ta rubuta shi daidai, har yadda ake jera tukwane kafin a cinna wuta. Abin da ta ji ta bakina ne kawai ya gurɓace. Na buɗe na ga labarina a buge, da tawada baƙa, cikin Turanci mai kyau fiye da wanda na faɗe shi da shi. Adireshinta yana bayan ambulan. Takarda ɗaya ta isa ta gyara komai, kuma a lokacin Dada tana da rai, da an dawo an ɗauki sunayen. Ban rubuta ba. Na kai littafin ɗakin malamai na ajiye a kan tebur inda kowa zai gani.

Daga nan abin ya fi ƙarfina, ko in ce na bar shi ya fi ƙarfina. Na koyar da shi a aji. Duk shekara in za a yi ranar al'adu, ni ake kira in yi jawabi, in ɗaga tulu sama in nuna zango uku. Har na ƙara masa gishiri, na sa wa kowane zango irin wahalar da aka sha a cikinsa. Yaran da na koyar sun zama malamai sun koyar da wasu. Kwanakin baya na tsaya a kasuwa wajen masu tukwane, wata mai sayarwa da ba ta san ni ba ta ɗago wani tulu ta ce, "Baba, ka saya wannan, yana da tarihi fa. Ka ga layi uku ɗin nan? Hanyan kakanni ne, daga gabas. Har Turawa sun rubuta shi a buk." Na ce mata na ji, na wuce.

Da kika dawo da jakar littattafanki bayan bautar ƙasa, na riƙa ɗaukarsu ɗaya-ɗaya in kin fita. Zan faɗi gaskiya, sun fi waɗanda muka karanta. A namu, tarihin duniya yana farawa ne a wani wuri ya ƙare a wani wuri, mu kuma sai a shafin da jirgin ruwa ya iso ake ganinmu. Naku sun ajiye tulu kusa da gunkin dutse na manyan birane ba tare da neman afuwa ba. Suna tambayar wa ya rubuta, wa aka tambaya, wa aka bari a waje. Akwai wanda ya yi babi guda a kan yadda mutane ke ƙera wa kansu asali in sun ji an raina su, na karanta shi sau biyu ina jin kamar marubucin ya taɓa zama a ajina. Amma duk da wayonsu, junansu suke kwafa. Na bi ƙananan rubutun da ke ƙasan shafin nan naki da yatsa. Mai koren bango ya ce daga wani littafi ya ɗauko. Shi ma yana cikin jakarki, na duba, ya ce daga na baturiyar ya ɗauko. Littattafai uku, manyan masana uku, kuma in kin bi su har ƙarshe, ni za ki tarar zaune a kan turmi da farin wando.

Saboda haka ki bi kowace magana har inda ta fito. Ganin abu a littafi biyar ba ya nufin mutum biyar ne suka gani, sau da yawa mutum ɗaya ne ya faɗa, huɗu suka ɗauka. In kin kai tushe kin ga baƙo ne ya rubuta, ki tambaya wane yare aka yi hirar da shi, wa ya tsaya a tsakani, kuma me shi na tsakanin yake so a ɗauke shi. Ba na ce ki raina littattafan ba. Ki karanta su da kyau, su ne za su koya miki irin tambayar da za ta kama mutum irina. In ma kaset ɗin matar yana nan a wani ɗakin ajiya a ƙasarsu, ki nema a turo miki. Muryar kakarki tana ciki tana faɗin gaskiya, tawa tana biye da ita tana faɗin wani abu dabam, duk mai jin harsunan biyu zai gane cikin minti ɗaya.

Sai dai ke ba ki jin harsunan biyu, kuma wannan ma aikina ne. Da muka tare a Yelwa, na yanke cewa Hausa da Turanci za a yi a gidana. Na ce yare ba ya cin jarrabawa, ba ya samo aiki, kuma ba na son a yi wa 'ya'yana dariya a makaranta yadda aka yi min. Mamanki ta yi ta yi muku a ɓoye a kicin, in ta ji takuna ta sauya. Abin da kika tsira da shi gaisuwa ce, da sunan abinci, da zagi biyu. Duk lokacin da Dada ta zo mana, kina zaune kusa da ita kuna murmushi da juna, tana shafa kanki, babu mai iya ce wa ɗaya komai sai in na tsaya a tsakani. Ta rasu kina aji uku na firamare. Na sha gaya wa kaina don amfaninku na yi, kuma da gaskiya a ciki. Amma na lura cewa gidan da yaransa ba sa jin yaren Dada, gida ne da babu yaron da zai iya tambayarta komai a bayan idona, kuma ban taɓa jin hakan ya dame ni ba.

Kin ce in kin dawo hutu ni zan raka ki ƙauye in yi miki tafinta. Ba zan yi ba. Ba wai ina tsoron zan sake ƙarya da gangan ba, na tsufa da wannan. Amma kunnena ya saba da tace magana, ina jin abu ina gyara shi kafin ya kai bakina, kuma ba koyaushe nake sanin na yi ba. Ki tafi da mamanki, ita ba ta da abin karewa. Ki kuma fara koyo da kanki tun yanzu. Ki kira ta kullum ki hana ta yi miki Hausa, ko da hirar ba za ta wuce ta miya ba. Za a yi miki dariya a ƙauye, za su ce kina magana kamar mai tauna tsakuwa. Ki bar su su yi, sun fi sakin jiki da wanda suka yi wa dariya.

Ranar da kika karanta mana shafin nan, da na faɗa miki a take. Na dubi fuskarki na kasa. Wannan shi ne na baya-bayan nan cikin kurakuran, kuma bai kai shekara ba, don kada ki ɗauka duk na ƙuruciya ne. Bayan kin shiga ɗaki, mamanki ta ce min, "Malam, ka faɗa mata kawai. Yarinyan nan za ta je ta tsaya gaban manya da maganan nan, kai kana nan kana shan shayi." Na ce zan faɗa. Na bar ki kika rubuta takardar neman shiga, kika sa labarin a shafin farko, aka karɓe ki a kansa. In kin ga wanda kike girmamawa ya gyaɗa miki kai, ko ni ne ko farfesa, kada ki ɗauke shi shaida. Ki tambaye shi ta ina ya sani.

Makon jiya, ranar da na ce muku zan je gaisuwar rashin lafiya, ƙauye na tafi. Na hau bas zuwa Gella, na ɗauki mashin ya hau da ni. Wajen Yapendo na je, ƙanwar Dada, wadda kika gani sau ɗaya a wajen biki. Ita kaɗai ta rage cikin matan da suka yi gini tare. Idonta ya kusa tafiya gaba ɗaya, kuma ta daina taɓa yumɓu tun da roba da tukunyar ƙarfe suka cika gidaje. Na same ta da hantsi tana shan rana a bakin ɗaki. Bayan mun gaisa, na ɗauko wani tsohon tulu na Dada da ke kusurwa na ajiye mata a cinya. Ta shafa wuyansa ta ce, "Na yayata ne."

Na tambaye ta ma'anar zanen. Ta ce, "Tafiyar kakanni ce daga gabas. Zango uku."

Na ce, "Yapendo, wa ya gaya miki?"

Ta ce, "Jikokina sun karanto a makaranta. Ba kai ne malamin ba?"

Na ce mata ni na ƙirƙira shi, a tsakar gidanmu, ranar da baturiya ta zo. Na ɗauka za ta yi mamaki ko ta yi faɗa. Dariya ta yi har da tari. Ta ce, "Mun sani. Da ka dawo hutu kana ba yara labarin a gindin bishiya, yayata tana ji daga ɗaki. Ta ce min, ga doguwar maganar nan ta fito. Muka ga kun fi son naku, muka bar muku. Duk wanda ya zo da takarda, shi nake ba shi, yana tafiya da farin ciki."

Na roƙe ta sunayen. Ta ɗora yatsanta a kan tabon ƙasa. Ta faɗi na Dada. Ta hau zane na uku ta faɗi na uwarsu. Ta faɗi na matar kawun, da dutsen da aka auro ta. Ta faɗi na huɗu, ta ce bahaguwa ce, shi ya sa zanenta ya karkata. A na biyar ta tsaya. Bakinta yana motsi, babu abin da ya fito. Ta koma farko ta sake bi, ta sake tsayawa a wuri ɗaya. Ta ce da can a wajen kwaɓa yumɓu ake faɗarsu, babba tana faɗa yarinya tana maimaitawa, hannu yana aiki baki yana yi. Ta ce, "Shekara nawa ba wanda ya tambaya. Watakila in hannuna ya shiga yumɓu su dawo. Watakila kuma sun tafi."

Sunayen huɗu suna cikin ƙaramar takardar da na liƙa a bayan wannan. Na rubuta su yadda ta furta, da haruffan Hausa da ba su ishe su ba, mamanki za ta gyara miki furucin. Daga cikin abin da Dada ta jero a gabana, iya abin da na iya dawo miki da shi ke nan.

Kada ki jira dogon hutu. Hutun farko da kika samu, ko na kwana huɗu ne, ki taho. Kada ki je wa Yapendo da takardar tambayoyi, kin ji abin da take ba masu takarda. Ki sa a nuna miki inda ake haƙo yumɓu a bakin mayo, wato rafi, ki ɗebo da kanki, ki zauna a ƙasa kusa da ita ki ce ta koya miki kwaɓi. Ki ajiye wayar a gefe tana ɗauka, ki manta da ita. Ban san ko sunayen za su dawo ba. Ban kuma san ko za ki same ta ba, don na ga yadda numfashinta yake, kuma damina tana tafe.

Saura malamin da zai duba aikinki. Ki gaya masa a satin farko, kafin ya saba da labarin. Zai yiwu ransa ya ɓaci, zai yiwu ya ce ki sake komai daga tushe, ki sake. Zai tambaye ki hujja, tunda maganar ɗaliba ba ta ture littafi uku. Ki ba shi wannan wasiƙa.

Akwai abin da ban gaya miki ba game da littafin baturiyar. Babu sunana a ciki. A shafin godiya ta ce ta gode wa wani malami ɗan garin, shi ke nan, kuma shekaru na yi ina jin haushin hakan. Yanzu kuwa yana nufin za ki iya gyara maganar ba tare da kowa ya san ni ne ba, ki ce wani tafinta ya yi kuskure. Na san za ki so yin haka, saboda a Mubi za a karanta, kuma a Mubi nake fita kasuwa, ɗalibaina suna durƙusawa su gaishe ni. Kada ki yi. In kin ɓoye ni, kin fara aikinki da irin gyaran da na yi wa maganar Dada, kuma saboda irin dalilina. Ki rubuta sunana cikakke, da aikin da nake yi a lokacin, ki ce tafintan ɗan Dada ne, kuma ba kuskure ya yi ba, ya ji sarai abin da ta ce.

Allah ya tsare ki daga sharrin hanya da na masauki, ya ba ki lafiya da natsuwa, ya buɗe miki abin da kika je nema. Allah ya ja kwanan Yapendo har ki iso. Mamanki tana gaishe ki, ta ce ki riƙa cin abinci.

Ni ne,
Babanki.